Yawan ɗaurewar ciki kafin wata tara: yadda muka bi daga gida zuwa ɗakin haihuwa a Kumasi

Na rubuta wannan ne saboda matan zango masu tsohon ciki da kuma waɗanda za su raka su asibiti. Kusan kowace mai ciki, daga wata shida ko bakwai, takan ji cikinta ya ɗaure tamau na ɗan lokaci sannan ya saki. Likitoci suna kiran abin da sunan Braxton Hicks, likitan Ingila da ya yi bayaninsa a 1872, mu kuma a gida in ya yawaita sai mu ce naƙudar tsaye ce. Mahaifa ce ke motsa jikinta, ba ya buɗe bakin mahaifa, ba ya cutar da ɗa. Inda gizo ke saƙar shi ne, naƙudar bakwaini ma haka take farawa, kuma ba mai iya raba su da ido daga tsakar gida, ko da ta haifi goma. Na yi aikin jinya a ɓangaren yara, na san abin da ke cikin littafi, amma sai da na raka ƙanwata, tana da ciki na biyu mai mako 33, sannan na ga yadda abin yake tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa.

A unguwar Aboabo muke, lokacin zafin watan Maris. Da la'asar ta ce mini, "Yaya, tun hantsi cikin nan yake ɗaurewa, yau ya fi na kullum." Abu na farko da ake yi a gida shi ne a cire abubuwan da ke tayar da mahaifa ba tare da naƙuda ba. Ƙishirwa ce kan gaba, sai cikar mafitsara, doguwar tsayuwa, ɗaukar kaya, da kwanciya da miji. Na sa ta ta yi fitsari, ta sha ledar ruwa biyu, wato lita ɗaya ke nan tunda kowace leda rabin lita ce, ta kwanta a gefen hagu. Sai na ɗauki takarda da biro, na ajiye waya kusa don agogo. Ana ɗora tafin hannu a saman ciki, sama da cibiya. In mahaifa ta ɗaure za ki ji duk cikin ya yi tauri kamar goshinki, ba gefe ɗaya ba. In gefe ɗaya ne kawai ya kumburo, yawanci ɗan ne ya miƙe ko ya juyo da baya. Ki rubuta mintin da ya fara da daƙiƙoƙin da ya ɗauka kafin ya saki. Tazara kuma daga farkon wannan zuwa farkon na gaba ake ƙirga ta, ba daga inda ya saki ba, nan ne mutane da yawa ke rikicewa.

Ɗaurewar banza ba ta da tsari. Yanzu minti bakwai, an jima minti ashirin da biyar, sai ta ɓace na awa biyu. A gaban ciki ake jin ta, ba ta ƙaruwa, kuma da ruwa da hutu takan lafa cikin awa ɗaya. Ta naƙuda kuwa tana zuwa a jere, tazarar na raguwa, tsawonta da ƙarfinta na ƙaruwa, sau da yawa daga ƙugu take tasowa ta zagayo mara, kuma ko ki kwanta ko ki tashi ba ruwanta. Ƙa'idar da na fi yarda da ita ga cikin da bai kai mako 37 ba ita ce: in bayan an sha ruwa an huta awa ɗaya har yanzu ana samun shida ko fiye a awa, ko tana zuwa kowane minti goma, to a tafi asibiti, ko da babu zafi. Rashin zafi ba hujja ba ce, bakin mahaifa yana iya gajarcewa mace ba ta yi ko cije leɓe ba. Takardarmu ta nuna takwas a awa ɗaya, kowace wajen daƙiƙa talatin, ga kuma ƙugu da ya riƙe ta da wani nauyi a mara. Da na tambaye ta fitsari, ta ce kwana biyu yana ɗan yi mata zafi a ƙarshe.

Surukarta, Hajiya, ta ce a bari zuwa safe, zaƙi ne, ita ma haka ta yi ta yi a cikin autanta har ya cika wata tara. Ba ƙarya ta yi ba, mata da yawa haka nasu yake ƙarewa. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri a je a duba, in ba komai kafin isha mun dawo." Abin da na roƙa kawai shi ne kada a ba ta wani jiƙo ko a yi mata bentuwa, wato ɗurar ruwan ganye ta dubura. Tofi da addu'a ba sa hana komai, amma magungunan da ake cewa suna sauƙaƙa haihuwa, irin su kalgutim da ake kawowa daga arewa, aikinsu ke nan su sa mahaifa ta matsa, kuma ba mai sanin ƙarfin abin da ke cikin kofin.

Abin da muka ɗauka: littafin awo, katin inshorar lafiya, katin ɗan ƙasa wato Ghana Card, duk takardun hoton ciki, da takardar ƙirgen nan. Littafin awo shi ne wanda aka haɗa na uwa da na ɗa wuri ɗaya tun 2018, a ciki ungozoma za ta ga rukunin jini, ƙarfin jini na ƙarshe, awon hawan jini na baya, sau nawa aka sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da yadda haihuwar baya ta kasance. Cikin takardun hoto, na farkon ciki ya fi duka daraja, domin hoton da aka yi a wata ukun farko shi ya fi faɗin gaskiyar makonni. Na wata takwas yana iya kuskure da mako biyu ko uku, kuma duk hukuncin da likita zai yanke a daren nan a kan makonni yake. Inshora kuwa, tun 2008 mai ciki a Gana ba ta biyan kuɗin shiga, amma dole katin ya zama yana aiki. Ana duba ranar ƙarewarsa ta *929# a waya, gara a duba tun ciki yana ƙarami. Mun ɗauki tasi har ƙofa. Pragya, wato keke mai ƙafa uku, ta fi araha, amma ba na ba mai wannan hali shawarar girgizarta, balle tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya mai tsaye-tsaye.

Asibitin gwamnati na kusa da mu muka je, wanda yake da ɗakin tiyata da likita da dare. Ƙaramin kilinik yana da kyau ga awo, amma ga cikin da bai kai mako 34 ba, in naƙuda ce tura ki za su yi, kin ɓata awa ɗaya a banza. Ga abin da ya fi rikita mutane a bakin ƙofa: mai tsohon ciki da ke jin alamar naƙuda ba ta bin layin marasa lafiya na waje, ba ta kuma zuwa ɗakin awo, wanda ma ya tashi tun rana. Kai tsaye ɓangaren haihuwa ake nufa, dare da rana a buɗe yake. Ita ta wuce can, mai rakiya ya koma ofishin kati da katin inshora ya ciro fayil. Saboda haka mutum biyu ya kamata su raka ta, ɗaya na zirga-zirga, ɗaya na zama kusa. In Twi ɗinku, wato yaren mutanen Kumasi, bai nuna ba, a tafi da wanda ya iya, domin yawancin tambayoyin da shi za a yi. A ofishin kati na tarar da layi, kwamfuta na jan ƙafa, na yi kusan rabin awa, amma kafin in dawo an riga an fara duba ta.

Jimlar da za a fara faɗa wa ungozoma ita ke sa a san inda za a ajiye ki a layi. Kada a ce "cikinta ke ciwo" kawai. Na ce, "Anti, mako 33 ne, takwas a awa ɗaya, ba jini, ba ruwa, ɗa yana motsi," na miƙa mata takardar. Ta duba, ta ce, "Maame, hau gado." An auna hawan jini, wanda in ya kai 140 bisa 90 labari ya sauya, da zafin jiki da bugun jini. An auna tsayin ciki da tef, an lalubi kwanciyar ɗa, an saurari zuciyarsa da ƙaramar na'urar hannu. Daidai shi ne tsakanin 110 da 160 a minti. Daga nan ungozoma ta ɗora hannu a cikin tsawon minti goma cur tana kallon agogo. Ba zaman banza take ba, tana ƙirga sau nawa ya ɗaure a minti goman da tsawon kowanne: ƙasa da daƙiƙa 20 mai rauni ne, 20 zuwa 40 matsakaici, sama da 40 mai ƙarfi. Na ƙanwata biyu ne, matsakaita.

Sai duban ƙasa, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo mu, kuma shi ne mata suka fi tsoro. Kafin ta sa hannu ta sake tambaya ko an ga jini ko ruwa. Tambayar tana da dalili. In akwai jini, ba a sa yatsa sai hoto ya nuna mabiya ba ta tare ƙofa ba, don taɓa ta na iya ɓalle jini mai yawa. In faya ce ta fashe, da ƙarfen dubawa ake leƙawa, saboda yatsa na iya tura ƙwayoyin cuta ciki. Don haka kada kunya ta sa a ɓoye ko ɗan ɗigo ne. Ta tarar da bakin mahaifa ya yi laushi, ya buɗe santimita ɗaya. Ƙanwata ta kalle ni, idonta ya cika, ta ce, "Yaya, haihuwa ce?" Santimita ɗaya ga wadda ta taɓa haihuwa ba lalle ya zama komai ba, wasu da shi suke yawo makonni. Duba ɗaya ba ya yanke hukunci. Abin da ake nema shi ne ko zai sauya bayan 'yan awoyi. Shi ya sa suke riƙe mace, ba mugunta ba ce, ba kuma mantawa aka yi da ita ba.

A cikin jiran nan aka ba ni takardar ɗakin gwaji: fitsari, ƙarfin jini, zazzaɓin cizon sauro, da sukari. Fitsarin na tsakiya ake so, a wanke gaba, a zubar da na farko, a tara na tsakiya a robar da suka bayar. Sakamako ya ɗauki sama da awa ɗaya. Babu zazzaɓin cizon sauro, jininta ya ɗan gaza 11, wato akwai ƙarancin jini kaɗan, fitsari kuma ya nuna ciwon mafitsara. Wannan da zazzaɓin cizon sauro suna cikin abubuwan da aka fi fara nema a nan, domin dukansu suna tayar da mahaifa, kuma ciwon mafitsara na iya zama a jikin mai ciki ba ta ji komai ba har ya hau ƙoda. An sa mata ƙarin ruwa leda ɗaya, aka fara maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ni ina benci a waje, domin ba a barin 'yan rakiya su zauna a ciki, kuma wannan zaman shi ya fi komai wuya: kina jin kukan wasu, ba ki san ko na taki ne ba. A bar mata waya da caji.

Wajen awa huɗu bayan duban farko likita ya zo ya sake dubawa. Ɗaurewar ba ta lafa ba duk da ruwan, bakin mahaifa ya gajarce, ya kai santimita biyu. A nan abin ya tashi daga ɗaurewar banza. Da a ce ya tarar da shi yadda yake, ɗaurewar kuma ta ragu, da magani za a ba mu mu koma gida a daren, kuma haka yake ƙarewa ga mafi yawan waɗanda suka zo da wannan kuka. Ya ce za a ba ta gado, ya kuma bayyana abu biyu da za a yi. Na farko allurar dexamethasone, miligiram 6 a tsoka kowace awa 12 har sau huɗu, don huhun ɗa ya nuna da wuri. Ana yin ta ne ga ciki tsakanin mako 24 da 34. Na biyu ƙwayar nifedipine, wadda aka fi sani da maganin hawan jini, amma tana kwantar da mahaifa. Ya faɗa a fili cewa ƙwayar ba ta riƙe ciki har wata tara, aikinta ta sayi awa 48 da allurar ke buƙata ta gama aiki, da kuma lokacin da za a iya kai uwa inda ake kula da bakwaini tun ɗan yana ciki. A Kumasi babban wurin shi ne asibitin koyarwa na Komfo Anokye, mai sashen uwa da jariri da aka buɗe sabon gininsa a 2018. Ya ce in ta ci gaba da buɗewa zai rubuta takardar turawa can. Wannan awa 48 ita ce duk dalilin da ya sa ba a jiran safiya. Wadda ta zo da santimita shida da wuya a tsayar da ita, ɗan zai iya fitowa allura ba ta gama aiki a huhunsa ba.

Da safe aka yi hoton ciki, aka duba kwanciyar ɗa, nauyinsa, yawan ruwa da mazaunin mabiya. A ɗakin kwana ana auna hawan jininta a kai a kai, saboda nifedipine na saukar da shi. Ta yi ciwon kai, fuskarta na zafi, zuciya na bugawa da sauri. Duk sanannun halayen maganin ne, amma a faɗa wa nas. Wannan ma ya isa ya hana kowa zuwa kantin magani ya saya da kansa don ya ji an ba wata. Allurar kuma tana ɗaga sukari na 'yan kwanaki, tana hana barci, wani lokaci motsin ɗa yakan ɗan ragu, shi ya sa suke yawan sauraren zuciyarsa. Da cikin bai kai mako 32 ba kuma haihuwa ta matso, da an ƙara da magnesium sulphate don kare ƙwaƙwalwar ɗa. Zuwa dare na biyu ɗaurewar ta koma jefi-jefi, bakin mahaifa bai ƙara ba.

Maganar kuɗi. Gado, duban likita, allurai da yawancin gwaji inshora ta ɗauka. Abin da ya fita daga aljihunmu shi ne kuɗin mota, abinci, ruwan sha, hoton ciki, da magani ɗaya da babu shi a ma'ajiyar asibiti a ranar, aka rubuta mana muka sayo a waje. "Kyauta" ba ta nufin a zo hannu rabbana. A riƙe sidi a hannu da wani a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a tambayi farashi kafin a yi abu, a karɓi rasit a kan kowane biya. Tun da aka ba ta gado kuma aka nemi kayan haihuwar da ke cikin jerin da ake bayarwa a awo: ledar shimfiɗa, audugar mata, tsofaffin zannuwa, sabulu, Dettol, ruwan bilic na Parazone, bokiti da kayan jariri. Jakar ta kasance a haɗe tun wata bakwai, cikin dare ba inda za a samu waɗannan. Abinci daga gida ake kawowa a lokacin ziyara, koko da safe, tuwo da miyar ayoyo da yamma.

Ranar sallama ma tana cin lokaci. Sai likita ya gama zagaye ya sa hannu, a kai fayil wajen lissafi, a karɓi magani, sannan a ba da takardar fita. An sallame ta da ragowar maganin mafitsara na cika kwana bakwai, wanda dole a shanye ko an ji sauƙi, da maganin ƙarin jini, da ranar dawowa bayan mako ɗaya a ɗakin likita, inda aka sake gwada fitsarin aka ga ya washe. Ba a ce ta kwanta ta daina motsi ba, dogon kwanciya bai hana bakwaini, yana ma iya sa jini ya daskare a ƙafa. An dai ce ta bar tsayuwar kasuwa da ɗaukar ruwa, ta dakata da kwanciya da miji, ta sha ruwa har fitsarinta ya yi fari. Mai irin wannan ciki in azumi ya same ta, ta tambayi likita da malami, rangwamen yana nan. Ɗaurewar ba ta daina ba, kullum da yamma sai ta zo, amma ba a jere ba, har ta sauka lafiya a mako na 38.

Akwai alamun da ba a tsayawa ƙirge a kansu, ko ciki mako nawa ne. Jini ko kaɗan. Ruwa da ya zubo ko yake tsiyaya yana jiƙa wando, musamman in kore ne ko yana wari. Ciki ya yi tauri ya ƙi saki tare da ciwo mai tsanani, wanda ke iya nufin mabiya ta ɓanɓaro. Zazzaɓi da rawar ɗari. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu ko ciwo a ƙahon zuciya, waɗanda ke zuwa gabanin jijjiga. Da raguwar motsin ɗa. Na ƙarshen, in kin kwanta a hagu kin natsu awa biyu ba ki ji motsi goma ba, ko kin ji dai ba kamar kullum ba, ki tashi. In ba mota, lambar gaggawa 112 ce, amma gara a sami direban unguwa guda da aka yi magana da shi tun da wuri, mai ɗaukar waya da dare. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, mai tagwaye, wadda aka ɗinke wa bakin mahaifa, da wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, su ma kada su jira cikar shida a awa. Ta ƙarshen musamman, domin tabon mahaifa ba ya son matsi ba a ƙarƙashin ido ba.

In ciki ya cika mako 37 kuwa, yawan ɗaurewa shi kaɗai ba abin tashin hankali ba ne, yana iya yin kwanaki yana zuwa yana tafiya. Mai cikin fari ta tafi idan yana zuwa kowane minti biyar, kowanne yana ɗaukar minti ɗaya, har tsawon awa ɗaya. Wadda ta saba haihuwa ta tashi tun yana minti goma, domin tata na iya gudu. A kuma lissafa da hanya: daga Aboabo ko Asawase tafiyar minti goma sha biyar da dare tana iya zama awa ɗaya da yamma in an shiga cunkoson kasuwar Kejetia.